Shekarar da Na Yi Tafiya da Taɓaryar Inna

Ku ƙannena, Sadi da Ummi, kuna ƙanana ƙwarai lokacin da abin ya faru, kuma na ji irin labaran da ake ba ku. An ce muku aljanin rijiya ne ya make ni. An kuma ce muku wai ɓarayin jakai na bi da gudu na faɗi. Wannan na biyun ni na ƙirƙiro shi, ku yi haƙuri. Abin da ya faru shi ne, tsayuwa na yi a bayan jakin Baba, tsaye cir da ƙafa biyu, hannuwa a buɗe, don 'yan matan da ke ɗiban ruwa su san cewa ƙauyen nan akwai maza. Jakin nan, wanda tun da aka haife shi bai taɓa sauri ba ko da kura ce ta biyo shi, ranar ya tuna yana da dangantaka da doki. Ya zabura, na tafi sama na dawo, ƙeyata ta sauka a kan simintin bakin rijiya. 'Yan matan kuwa sun ga maza, don sun ga yadda ake kwasar su a amalanke.

A asibitin birni na farfaɗo. Abin da ya fara dawo mini shi ne bakina, har Yaya Hansai ta ce ita ƙafa ta roƙa mini, ba ta san wanda ya roƙi baki ba. Hannuna ya biyo baya. Ƙafar hagu ce ta tsaya taurin kai. Ba karyewa ta yi ba, ƙarfinta ma a hankali ya dawo, sai dai ta daina jin magana. In na miƙe na ce mata mu je, sai ta kafe a ƙasa kamar an dasa ta. In na matsa mata, sai ta yi gaba lokacin da na riga na fasa, mu zube tare. Akwai wata likitar gashin ƙashi a asibitin, doguwa mai tabarau, ita ta yi wa Baba bayani. Ta ce hanyar da saƙo ke bi daga kai zuwa ƙafa ce ta lalace, kuma sabuwa ba ta fitowa sai an yi ta takawa, kamar yadda 'yar turba ke fitowa a cikin gona. Ta ce a riƙa kawo ni. Muka je iya abin da muka iya, amma daga ƙauyenmu na bayan Tofa zuwa birni da yaron da sai an ɗauka ba abin wasa ba ne. Daga baya sai jefi-jefi.

Haka na kwashe farkon rani a tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ina ba kaji umarni. Wata safiya Baba ya dawo daga masallaci ya tsuguna kusa da ni, abin da ba ya yi. Ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke kafin ya yi magana.

"Ilu, ka saurara da kyau. Yanzu rani ne, akwai mai goya ka a keke zuwa makaranta in ya samu sarari. In ruwa ya sauka kowa gona zai shiga, ba mai lokacinka. Na yi magana da kawunka Sabo. In ruwan shuka ya zo ba ka iya kai kanka makaranta da ƙafarka ba, zai zo ya tafi da kai Bacirawa can birni, ka koyi wankin hula a shagonsa. Sana'a ce ta zaune."

"Baba, ni ko hulata ban taɓa wankewa ba."

"To ka ga ka samu ta farko ke nan."

Kada ku ɗauka son karatu ne ya hana ni barci. Ni da lissafi ko a hanya ba ma gaisawa. Amma na gane abin da Baba bai faɗa ba: in na zauna a shagon nan, to na zauna ke nan har tsufa. Duk surutuna, ranar ban ƙara cewa uffan ba, har Inna ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne.

Taimako ya zo ne ta wajen injin niƙan garinmu, da ya lalace. Tun da aka kawo injin nan Inna ta jingine turminta a bayan ɗaki, sai ɗan dakan yaji. Da ya mutu aka rasa mai gyara, dole ta jawo turmin ta zuba gero ta kama surfe. Ni kuma a daidai lokacin cikina ya murɗa. Na dafa bango na miƙe, ina lissafin nisan bayi kamar mai shirin tafiya Makka a ƙasa. Taɓarya tana sauka, tim, tim, tim, hankalina yana kan cikina, ba ya kan ƙafa ko kaɗan. Ban ankara ba sai na gan ni a tsakiyar tsakar gida, babu bango, babu sanda. Inna ta ɗago ta gan ni, ta saki salati, ta tsayar da taɓarya. Ƙafar ta kafe nan take.

"Inna, don Allah ci gaba da dakan!"

"Ilu! Kai ne a tsaye? Hansai, fito ki gani!"

"Inna, ki daka, in ba haka ba abin da za ta fito ta gani daban ne!"

Ta ci gaba tana daka tana kuka, ni kuma na isa inda za ni da mutuncina, da ƙyar. Da na fito muka sake gwadawa. Ta daka, na taka. Ta tsaya, na tsaya. Yaya Hansai ta ce yanzu an gano abin da ya dace da ni tun ina yaro, wato taɓarya, sai dai an yi kuskuren inda ake sauke ta.

Da muka koma wajen likitar nan Inna ta ba ta labari a kunyace, tana tsoron za a yi mata dariya. Likitar ta cire tabarau ta ce ai su ma suna da wata 'yar na'ura mai ƙas-ƙas da suke kunna wa masu irin ciwona, domin kunne yana da tasa hanyar zuwa ƙafa, in waccan ta toshe sai a bi ta nan. Ta ce a ci gaba, kullum, kada a fasa shan magani, kada kuma a bar ni ni kaɗai inda zan faɗi a kan abu mai tauri. Wani abokina ya ɗauki dakan a waya don a hutar da Inna. Bai yi ba. Waya ba ta jira. In na yi tuntuɓe ita gaba take yi abinta, ni kuma in rikice in zube. Sai daga baya na gane abin da Inna ke yi. Ba turmin take kallo ba, diddigena take kallo. Takan riƙe taɓarya a sama har sai ta ga ƙafar ta ɗaga, sannan ta sake ta. Duk wadda ta taɓa daka ta san dakan a hankali ya fi na sauri cin kafaɗa, domin riƙewar ce wahala. Kuma kullum tana ɗan ƙara sauri kaɗan-kaɗan ba ta gaya mini ba, tana jan ƙafar kamar mai jan akuya da dusa.

Matsalar da ta taso ita ce abin dakawa. Gida ɗaya nawa zai ci? Na ce ta riƙa dakan turmin haka nan, ai ƙarar nake so.

"Turmi wayam? A gidan nan? So kake ka kira mana yunwa da hannuna? Ko uwata ba ta yi ba."

Muka gwada ƙaiƙayi, ƙararsa ba ta fita, ƙafar ta yi kamar ba da ita ake ba. Sai Inna ta bi duk abin da ke dakuwa a gidan. Ta daka kuka, ta daka busasshiyar kuɓewa, ta daka daddawa, ta daka kanwar da za ta ishe mu har auren Ummi. Ranar da ta daka barkono kuwa, ina takawa ina atishawa, kaji suka yi hijira gidan maƙwabta. Babban rumbu Baba ya ce ba za a taɓa shi ba, na damina ne, kuma gaskiyarsa. Da komai ya ƙare, Inna ta ba Yaya Hansai ƙwarya ta ce ta bi gida-gida ta ce duk mai sussuka ko surfe ta kawo, za a yi mata kyauta.

Ku ba ku san nauyin wannan ba. A garinmu macen da ke dakan hatsin wasu, dakau take yi, kuma ba mai yin dakau sai wadda gidanta ya rasa na tuwo. Ba wanda ya yarda da maganar kyauta. Kafin mako ya zagayo zance ya gama gari cewa rumbun Malam Audu ya ƙare tun rani bai raba ba. Wani dattijo ya ja Baba gefe bayan sallar la'asar ya ce masa in abin ya yi tsanani ya yi magana, ai ana tare. Baba ya shigo gida ko sallamar kirki bai yi ba. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Ni za ki tona wa asiri? Na taɓa barin ki da yunwa? Yau ni ake yi wa tayin sadaka a ƙofar masallaci! Daga yau kada hatsin kowa ya ƙara shigo mini gida."

Inna ta miƙe. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta ɗauki taɓarya, ta dube ni.

"Ilu, tashi."

Ashe Baba bai taɓa gani da idonsa ba. Da sassafe yake fita, labari kawai ake ba shi, kuma labarin da ya fito daga bakina kowa ya san sai an rage masa rabi. Inna ta fara, tim, tim. Na taso daga gindin darbejiya, na wuce randa, na wuce murhu, na zo na tsaya a gabansa, kusa har ina jin warin turarensa. Ya dube ni daga sama har ƙasa. Sai ya juya ya fita, muka ɗauka fushin ne bai huce ba. Washegari da hantsi muka ji sallamarsa, ya shigo yana jan jakin nan, an ɗora masa dammunan gero, har da na gidan mai unguwa. Da kansa ya bi gidaje ya karɓo, ƙiri-ƙiri, kowa yana kallo.

"Wanda zai yi magana ya yi," in ji shi, yana kwance igiya. "Ki dai riƙa hutawa."

Ni da jakin muka kalli juna. Ban ce masa komai ba, shi ma bai nemi gafara ba.

Daga tsakar gida na koma zaure, daga zaure na koma waje. Inna ta sa aka matsar da turmin jikin katangar da ke kallon hanya, Yaya Hansai tana leƙe ta saman katanga tana gaya mata in na yi tuntuɓe. Sai muka ci karo da wata sabuwar iyaka. Akwai tsamiya a kan hanyar makaranta, daidai inda ƙarar turminmu ke mutuwa. Kullum in na kai nan sai in kafe. Na yi tsayuwa a gindin tsamiyar nan har tsuntsaye suka fara shawarar yin sheƙa a kaina. Ga zafi yana ƙaruwa, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas kullum da maraice, kowa yana murna, ni ina kallonsa kamar sammaci.

Gwaggo Saratu ce ta same ni a nan wata rana tana dawowa daga coci. Kun san ta, gidansu ne na farko bayan tsamiya, kakanninsu da namu iyakar gona ɗaya suka yi, kuma muryarta ba ta san raɗa ba.

"Kai ɗan Audu, gadin tsamiyar aka ba ka?"

"Gwaggo, mai ne ya ƙare mini. Dakan Inna ba ya kawowa nan."

"To mu da muke nan turamenmu na ado ne? Gobe in ka iso ka yi tari."

Kun san yadda gidajenmu suke, ba a dunƙule ba, kowane gida yana cikin gonarsa, in ka bar wannan kana hango wancan. Gwaggo Saratu ta bi su ɗaya bayan ɗaya har bakin makaranta, na danginta da na Musulmi, ta ce kowace mace ta ajiye dakanta sai ta ji na maƙwabciyarta ya tsaya sannan ta ɗauka. Washegari na iso tsamiya na yi tari. Kafin in rufe baki na ji tim daga bayan dangarta. Na wuce. Nata yana dusashewa na gaba ya kama.

Sai dai kowace mace da hannunta, kuma ba mai kallon diddigena. Gwaggo Saratu tana daka kamar turmin ya zage ta, a ƙofarta sai in ga ina sauri kamar an aike ni ɗebo wuta. Ta gaba da ita tsohuwa ce, tsakanin bugu da bugu sai ka yi alwala ka dawo, in tsaya da ƙafa ɗaya a sama kamar zalɓe. Akwai gidan da 'yan mata uku suke lugude, suna cilla taɓarya suna tafi, a nan kam rawa nake yi ko ina so ko ba na so, yara suna bina suna kwaikwayo. Na faɗi ya fi a ƙirga, gwiwoyina duk suka saɓule. Amma ina zaton wannan rikicin ne ya koya wa ƙafar cewa duniya ba Inna ba ce. Na kuma kama wata ɗabi'a, in sauti ya yi nisa sai in riƙa cike gurbin da bakina, ina tim, tim a ƙasan maƙoshi. Ranar da na fara shiga aji da ƙafata, malaminmu ya ce ya yi murna, amma ya roƙi a bar turamen a waje.

Baba dai bai janye maganarsa ba. Ya ce mata ba za su yi ta yi mini daka har in yi gemu ba, in damina ta kama kowa ta kansa zai yi. Ya yi gaskiya kuwa. Ruwan shuka ya sauka wata Laraba, muka wayi gari ƙasa ta jiƙu sharkaf tana ƙamshi. Su Gwaggo Saratu duk sun fice gona tun da asuba, hanya ta yi tsit. Kawu Sabo ya aiko cewa da azahar zai iso da babur. Na sa kayan makaranta na tsaya a bakin zaure ina jira. Na ji Inna ta jawo turmi, na ji ta zuba hatsi. Na ji bugu ɗaya. Ban ji na biyu ba. Yaya Hansai ta fito idonta ja wur ta ce hannun Inna ya ƙi ɗaguwa, ashe ta daɗe tana gasa kafaɗar da ruwan zafi a ɓoye. Ta ce ita za ta daka mini. Muka gwada, amma ƙafar ta kafe a dokin ƙofa kamar ranar farko.

Baba ya fito da sungumi a kafaɗa da ƙwaryar iri a hannu. Ya dube ni, bai yi maganar Bacirawa ba. Ya miƙo mini ƙwaryar.

"Riƙe. Tun da tsayuwa kake yi, zo ka yi ta a inda za ta yi amfani."

Gonarmu a gefen hanyar take, ta miƙe har ta wuce tsamiya. Ya kama kuyyar da ke bakin hanya ya fara sara. Duk wanda ya taɓa shuka ya san yadda ake yi, na gaba ya sara ya taka, na baya ya zuba iri ya rufe da diddige. Sungumi yana sauka a jiƙaƙƙiyar ƙasa, tib, tib. Ba ƙara gare shi kamar turmi ba, amma ana ji. Na zuba, na rufe, na taka. Baba bai waiwayo ba ko sau ɗaya, sai dai na lura yana jinkirta saran in ya ji na yi baya, shi da a wajen shuka ba ya jiran kowa. Muka wuce tsamiya ban ma gan ta ba. Da muka kai ƙarshen gona ya tsaya, ya karɓi ƙwaryarsa.

"Ni nan zan juya. Kai ka san hanya."

Ya juya ya kama kuyya ta biyu, saransa yana nisa yana komawa gida. Gabana ba komai sai hanya da kukan kwaɗi. Na daɗe a tsaye. Na ce wa ƙafar mu je, ta yi shiru. Sai na bar ta, na rufe baki na kama tim, tim a maƙoshi, irin na Inna, mai jira. A na uku ko na huɗu ta ɗaga.

Na isa makaranta an riga an shiga aji, kayana duk taɓo. Malamin da ke tsaron ƙofa sabo ne, bai san ni ba, ya sa ni tsintar leda tare da sauran makararru. Ban taɓa jin daɗin horo irin na ranar ba. Da azahar Kawu Sabo ya zo, ya ci tuwo, ya koma shi kaɗai.

Har yau ƙafar tana ɗan ja in na gaji, ƙwallo kuwa sai dai in yi alƙalanci, kuma in kun ji ina gunaguni a hanya ba da kowa nake ba. Inna an kai ta asibiti, an yi mata gashi, zafin ya tafi, amma hannun dama bai ƙara wuce kafaɗarta ba. Ba ta ƙara daka ba tun daga ranar. Duk surfen gidan nan yanzu ni nake yi.